Ranar Da Na Riƙe Wutsiyar Wule A Brazil

Jama'a, wannan labarin ba a majalisa na tsinto shi ba, ni ya faru da ni, ido biyu, da la'asar sakaliya, kuma na rantse da Wanda raina ke hannunsa ban ƙara masa gishiri ba. Shekara shida ke nan ko bakwai. Lokacin ina tuƙa motar wani otal a Jamaica, nan Queens, in kwaso baƙi daga filin jirgin JFK in sauke su, in koma in kwaso wasu, haka nake wuni ina zagaye kamar akuya a turke. Kullum ina kai mutane bakin jirgi, ni kuwa in ba gida Najeriya ba, ban taɓa leƙa ko'ina ba.

Asalina mutumin fadamar Haɗeja ne, uwata Bafulatana, kuma a hannun kawuna na tashi, a bayan shanu. Amma da na zo New York sai na ninke wannan tarihin na tura ƙasan akwati. In an tambaye ni sai in ce daga Kano nake, don kada 'yan masallacinmu su sa ni gaba da tsokana. Ko 'ya'yana ban taɓa zama na ba su labarin kiwo ba. Abu ɗaya na Fulani da na riƙe gam shi ne kunyar ɗan fari. Kun dai sani, ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka jan sa a jiki. 'Yata ta fari a nan aka haife ta, kuma tun tana tsumma "ke" nake ce mata, sai da ta shiga jami'a tana karatun namun daji na samu sauƙi na laƙaba mata Dakta. Ita kuwa 'yar Amurka ina ta san wata kunya? Abin da ta gani kawai shi ne ana kiran ƙannenta da sunansu, ita ba a kiranta. Mamanta ta sha gaya mini yarinyar na kuka a kan haka, ni kuma in ce za ta gane in ta girma. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take ba ni amsa. Sannan tana da asma tun tana ƙarama, abin shaƙarta, inhela, kullum yana aljihunta.

Da ta gama digiri sai ta shirya tafiya Brazil ita da ƙawarta, za su yi mako guda a wani gidan gona na kiwon shanu da ke tsakiyar wata ƙatuwar fadama da ake kira Pantanal, inda masu gonar suka gyara ɗakuna suna sauke baƙi masu son kallon namun daji. Ana saura kwana goma ƙawar ta fasa. Mamanta ta tsare ni a kicin ta ce, "Malam, ka ɗauki hutu ka raka 'yarka. In ka bari wannan ta wuce, ban san wacce za ta haɗa ku ba." Abokina Sani ɗan Kumasi da ya ji, dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Chale, vacation za ka tafi don kallon kada? Kai da jirgin ruwan ferry na Staten Island ma sai ka yi addu'a kafin ka hau?" Na ce masa ya jira in dawo.

Jirgi biyu muka hau, sannan wata motar a-kori-kura ta yi ta jijjiga mu a jar hanya, muna tsallaka gadojin katako ɗaya bayan ɗaya. Da muka isa na sauko na duba. Ƙasa shimfiɗe har iya ganinka, ruwa da ciyawa sun cakuɗe, ga bado, ga kainuwa, ga tsibirai na bishiyoyi nan da can. Haɗeja ce sak, sai dai an ninka ta sau ɗari. Kadoji kwance a bakin ruwa kamar an zube itacen girki. Ga wata dabba mai kama da gafiya amma girman tunkiya, Dakta ta ce kafibara sunanta, tana zaune kusa da kada ko a jikinta. Ga aku shuɗaye manya suna ta surutu a kan rufin ɗakinmu. Sai kuma shanu, farare masu tozo irin namu, amma duk an guntule musu ƙaho an maƙala musu lamba a kunne, belbela na bin su. Da warin kashin shanu ya doki hancina sai na juya baya, don kada yarinyar ta ga idona ya kawo ruwa.

Wule na tuna. Wule jar saniya ce mai farar fuska da dogayen ƙahoni, kawuna ya ba ni ita tana karsana, muka girma tare har ta zama uwar garke. Tsinin ƙahonta na hagu ya karye a wani faɗa, kunnenta na dama kuma da tsaga biyu, shaidar gidanmu. In ruwa ya cika fadama ita ke shiga gaba, mu kama wutsiyarta ta ƙetare da mu. Da na ƙudurta barin ƙauye, ita na ja da hannuna na kai kasuwa, ta tsufa a lokacin, don haka mahauta ne suka saye ta. Ina tafiya tana kuka a bayana, ban waiwaya ba. Shekara talatin abin yana ci na, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Mai yi mana jagora wani makiyayi ne gajere mai gashin baki, Bento, yana ɗan taɓa Turanci. Kwana na biyu muna tsaye a bakin garke na hango wata saniya, na dubi hantsarta da yadda ƙugunta ya saki, na ce masa wannan ba za ta wuce gobe ba za ta haihu. Ya yi murmushin da ake wa baƙo mai surutu. Washegari da safe sai ga maraƙi yana tangaɗi. Daga nan fa makiyayan suka fara ɗaga mini hula, suna miƙo mini ƙoƙon shayinsu mai sanyi, Dakta kuma tana kallona ta gefen ido kamar yau ta fara ganina. Ni kuwa kaina ya kumbura, kuma kumburin kan nan shi ya kusa jawo mini asarar da ba zan taɓa mayarwa ba.

Kwana na huɗu bayan azahar muka fita kan dawaki, mu baƙi bakwai da Bento. Kafin mu tashi ya ce kowa ya zuba wayarsa da duk abin da ke aljihunsa a jakar fata da ke jikin sirdi, don akwai inda ruwa ke kai wa doki ciki. Dakta ta zuba wayarta da inhelarta, sai 'yar kyamara kawai ta bari, wadda ke maƙale a gaban hularta tana ɗauka da kanta. Mun yi tafiyar fiye da awa guda, mun ga barewa, mun ga wata shamuwa mai jan wuya da ta kusa kai ni tsawo, sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Bento ya ce a juya gida. Ni kuma na dubi rana na ce la'asar ta yi, zan yi salla a wani tsibiri da ke gabanmu. Gaskiya in faɗa muku, da na bari mun koma gida lokaci ba zai fita ba, burga ce kawai. Ya ce ba a raba ayari a nan. Na ce masa ni ɗan fadama ne, a cikin irin ruwan nan aka yanke mini cibiya, minti biyar zan biyo sawunsu. Ya dube ni, na san saniyar nan da ta haihu ya tuna, ya ce to in bi shingen waya, in sa shi a damana. Dakta ta ce ita za ta jira ni.

Na ɗaure dawakin biyu a reshe da irin ƙullin da muke wa maruƙa, wanda fizga ɗaya ke warware shi. Hannuna ne ya yi abin da ya saba, ban tsaya na tuna cewa ƙarfin doki ba na maraƙi ba ne. Ina raka'a ta biyu na ji wani sauti daga cikin duhuwar bishiyoyin, kamar ana yanka katako da zarto, a hankali, kusa. Dawakin suka yi haniniya, suka fizge, na ji facal-facal ɗinsu a ruwa yana nisa. Sallar dai na idar, amma kada ku tambaye ni abin da na karanta. Da na sallame Dakta ta nuna mini ƙasa da yatsa. Sawun damisa ne, faɗin tafin hannuna, ruwa bai ma gama tsattsafowa cikinsa ba.

Sai iska mai sanyi ta kaɗo, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ban damu da damisar ba kamar yadda na damu da abin da na ji bayan haka, wato ƙirjin yarinyar da ya fara fito, siririn sautin nan da na sani tun tana 'yar shekara uku. Ta laluba aljihu, ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Daddy, inhela ɗina. It's on the horse."

Na leƙa neman shingen, ruwan sama ya rufe komai, ko taku ashirin ba ka gani. Ko da na gan shi ma, tafiyar awa guda a kan doki ce, a ƙafa cikin ruwa da mai asma a hannu sai yaushe? Ta durƙusa ta dafa gwiwa, kafaɗunta na hawa suna sauka, leɓenta ya fara canja launi. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba a rayuwata, kuma na san ni na jawo. Nan maganar kawuna ta faɗo mini: in ruwa ya ɓatar da kai kada ka nemi hanya da idonka, ka kira uwar garke, ita ƙafarta ta san inda tudu yake a ƙarƙashin ruwa. Na tuna mun wuce wani garke can baya. Na san shanun Brazil ba su san muryata ba, amma me ya rage mini? Na haɗa tafuka a baki na saki kiran da rabona da shi shekara talatin, dogon kiran nan mai hawa ya karye a sama. Na yi na ɗaya, na yi na biyu. A na uku, wallahi ban yi niyya ba, sai na ji bakina yana cewa, "Wule, war, war," wato zo, zo, yadda nake ce mata da Fulatanci.

Aka amsa. Kukan saniya, mai kauri, daga inda babu komai sai buɗaɗɗen ruwa. Sai ga ƙahoni suna fitowa daga cikin ruwan saman, dogaye, sai farar fuska, sai jan jiki, belbela ɗaya zaune a gadon bayanta. Ta hawo tsibirin ta tsaya a gabana tana huci, har ɗumin numfashinta na ji a hannuna. Na dubi ƙahon hagu, tsinin a karye. Na dubi kunnen dama, tsaga biyu. Gashin jikina ya miƙe, amma ba ni da lokacin tsoro. Ta juya ta ba ni baya ta tsaya, yadda ta saba.

Na tuɓe rigata, na durƙusa na ce wa yarinyar ta hau. Na ɗaure ta a bayana da rigar kamar goyo, 'yar shekara ashirin da biyu da ban taɓa ɗauka ba ko tana jaririya. Na naɗe gashin wutsiyar a hannuna na dama, na yi bismilla. Saniyar ba ta nufi wajen shinge ba, kai tsaye ta faɗa buɗaɗɗen ruwan da muka ga kadoji a ciki da rana. Ruwa ya kai mini gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, amma ƙarƙashin ƙafata ƙasa ce mai tauri, siririya kamar kunya a gona. Sau ɗaya ƙafata ta goce gefe, ban taɓa komai ba sai zurfi, wutsiyar ce ta fizgo ni. Dama da hagu ina ganin idanun kadoji a saman ruwa, ko ɗaya bai motsa ba. In ta yi kwana in yi, in ta rage sauri in rage, ba ta yi shakka ko sau ɗaya ba.

Can tsakiya na ji kan yarinyar ya langaɓe a kafaɗata, fiton ƙirjin ma ya yi ƙasa, kuma duk mai ɗa mai asma ya san wannan shirun ya fi fiton muni. Na ce, "Dakta." Shiru. Na ce, "Ke." Shiru. Sai na kira sunanta. Sunan da ni na raɗa mata a kunne ranar suna ban sake furta shi ba, na kira shi da ƙarfi, na sake kira, na ce ta ja numfashi tare da takuna, kada ta bar ni. Na ji yatsunta sun matse wuyana. A kunnena, da ƙyar, ta ce, "Na'am, Baba." Da Hausa. Ina tafiya ina kuka kamar yaro, ruwan sama na wanke mini fuska, ina ta kiran sunan har muka ji ƙasa ta fara hawa.

Bayan shingen garken gidan muka ɓullo. Makiyaya na ta ɗaura sirdi za su fita nemanmu, don dawakinmu ba su daɗe da isowa ba babu kowa a kai. Bento ya zaro jakar ya sheƙo da gudu, aka zaunar da ita a jikin shinge, aka sa mata inhelar a baki, shaƙa ɗaya, biyu, uku. Na tsaya ina ƙirga numfashinta har na ga kafaɗun sun sauka, leɓen ya dawo daidai. Ta buɗe ido ta ɗaga mini babban yatsa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ko ranar da aka ba ni takardar zama a Amurka.

Duk suna kanta, ni na juya. Saniyar na tsaye a bakin ruwa tana kallona. Wannan karon na waiwaya, na taka har gabanta na ce mata na gode, na ce ta yafe mini ranar kasuwa. Ta kaɗa kunne, ta juya ta shiga ruwan, ruwan sama ya rufe ta.

Da aka dawo da Dakta daga asibitin garin da ke kusa washegari, likita ya ce ta tsallake, Bento ya zaunar da ni ya ce in nuna masa ta inda muka biyo. Na nuna. Ya girgiza kai ya ce babu hanya a nan, ko doki ba ya shiga, zurfin ya shanye mutum biyu a tsaye. Na ce saniya ce ta ja mu, ja, mai ƙaho. Ya ce a gonar nan kaf babu saniya mai ƙaho, balle ja, kuma su da suka hango ni ina fitowa ni kaɗai suka gani da goyo, hannuna miƙe a gaba. Sai wani tsohon makiyayi da ke gefe ya yi magana, Bento ya fassara: wai zamanin kakansa an taɓa tara ƙasa an yi wata siririyar hanya ta wajen, ruwa ya cinye ta, ba wanda ya san inda ta bi yanzu. Wai kuma a da akwai jajayen shanu da suka koma daji, amma rabonsa da ganin ɗaya tun yana saurayi. Tsohon ya tashi ya cire hularsa, ya ɗauko dogon ƙahon da suke busawa su tara shanu ya ɗora mini a hannu. A ranar, rago suka ba ni na yanka da kaina, aka gasa, makiyayan suna ta sa ni in maimaita yadda ake kama wutsiya, Dakta na zaune kusa da ni tana fassara musu da alfahari, kafaɗarta jingine da tawa.

Ita ta fara tayar da zancen a jirgi. Ban gaya mata komai a kan Wule ba tukuna, ta ce, "Baba, me ya sa kunnenta na dama yake da tsaga biyu?" Sai muka kunna abin da kyamarar hularta ta ɗauka. Hoton duk ɗigon ruwa ne, amma ana ganin kafaɗata, ana ganin hannuna miƙe a dunƙule, ana ganin ruwa yana darewa a gabanmu. Babu saniya. Sai belbela ɗaya, fukafukanta a naɗe, zaune a kan iska, tana tafiya a gabanmu tana ɗan lilo yadda mai zaune a bayan dabba ke yi. Mun kalla sau uku, muka kashe. Gashin wutsiya kuwa, silli huɗu baƙi-ja da na tarar naɗe a yatsuna, suna nan cikin ambulan a ɗakina har yau.

Da na ba Sani labari bai yi dariya ba, ya ce aljani ne mai imani. Limaminmu ya ce in yi sadaka in gode wa Allah, kada in tsananta bincike. Ni dai ban san ko mece ce ba. Abin da na sani, 'yata tana raye, yanzu tana aikin da take so, ina kiran sunanta a gaban kowa, duk wanda ya ga na zubar da al'ada ya je ya ji da shi. Kuma a masallaci da bakina nake cewa ni ɗan fadamar Haɗeja ne, makiyayi.

Bara ta matsa sai na koya mata kiran. Wata Lahadi da hantsi muka je bakin fadamar nan ta Jamaica Bay da ke bayan filin jirgi, inda ciyawa ta yi tsawo, jirage na wucewa ta samanmu. Na haɗa tafuka na saki kiran sau ɗaya, ban ma ambaci suna ba. Muka kasa kunne. Daga can cikin ciyawar, wajen ruwa, wani abu ya amsa, mai kauri, sau ɗaya. Yarinyar ta damƙe hannuna. Mai yiwuwa jirgin ruwa ne, ban musa ba, amma ni na san muryar da na ji, kuma kowa ya san babu saniya a Queens. Muka juya muka nufi mota.

Don haka 'yan'uwa, musamman mu da ke ƙasar nan: in jagora ya ce kada a raba ayari, ku ji maganarsa, mai asma kuma maganinsa ya zauna a jikinsa, ba a jaka ba. Abin da iyayenku suka koya muku kada ku ɓoye wa 'ya'yanku shi, ba ku san ranar da zai ɗauke ku ya ƙetare da ku ba. Ku kira 'ya'yanku da sunansu tun suna iya amsawa. In kuma dole ta sa kuka rabu da dabbar da ta yi muku hidima, ku tsaya ku waiwaya ku yi mata sallama. Ni tun ranar Jamaica Bay ban sake yin kiran ba, na ajiye shi sai ranar da buƙata ta kai, don yanzu na san ana ji.